Yadda Ake Gane Kafet Ɗin da Za a Wanke da Wanda Za a Jefar Bayan Ruwa Ya Shiga Ɗaki

Idan ruwa ya shiga ɗaki, kafet ne kayan da ya fi yaudarar mai shi. Samansa yakan bushe cikin yini guda, a taka a ji garau, alhali ƙasansa jagab yake. Bayan mako guda ɗaki ya ɗauki wari, yara su fara tari da atishawa, a rasa daga ina abin ya taso. Shi ya sa ba fuskar kafet ake dubawa ba. Abubuwa uku ne ke raba gardama: wane irin ruwa ne ya jiƙa shi, awa nawa ya yi a jiƙe, da kuma abin da ke ƙarƙashinsa. Maganar nawa aka saye shi sai daga baya take shigowa.

Maradi ba baƙuwar ruwa ba ce. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon gari daga fadama zuwa kan tudu, kuma ruwan da aka tafka a ƙarshen Agustan 2024 ya shiga gidaje masu yawa a cikin birni. Amma yawancin kafet ba ambaliya ce ke kashe su ba. Tsakar gida ce ke cika ta tsallake dokin ƙofa, ko kwano ya yi yoyo, ko a bar famfo a buɗe lokacin da babu ruwa, ruwan ya dawo cikin dare kowa na barci.

Kafin ka taka cikin ɗakin

Kashe wuta daga babban makunni, ba daga na bangon ɗaki ba, domin wayar da ake jonawa a ƙasa don talabijin ko cajin waya tana iya kasancewa cikin ruwan. Idan makunnin kansa a wurin da ruwa ya taɓa yake, kira mai gyaran wuta. Sa takalmin roba mai dogon wuya da safar hannu ta roba, ka haska ƙarƙashin gado da kujeru da tocila, saboda ruwan waje yakan koro kunama, wani lokaci har maciji. In gidan haya ne, ɗauki hoto da wayarka kafin ka motsa komai, har da alamar da ruwan ya bari a jikin bango.

Daga nan fitar da kaya. Wanda ba zai fita ba, kamar gado ko kabad, a ɗaga ƙafafunsa a sa bulo da leda a ƙasa. Ƙafar ƙarfe kan bar tsatsa, ta katako kan zubar da launin fenti, kuma waɗannan tabon biyu da wuya su fita.

Wane ruwa ne?

Nan ne ya kamata ka fi tsayawa, domin wannan amsar kaɗai tana iya rufe maganar.

Akwai ruwa mai tsabta: bututun famfo da ya fashe, tankin da ya cika ya zubo, randa ko jarka da ta kife, ruwan sama da iska ta kaɗo ta taga. Kafet ɗin da irin wannan ya jiƙa ana ceto shi, in an yi hanzari.

Akwai na tsaka-tsaki: ruwan wanki, ruwan wanke-wanke, ruwan wanka da ya dawo daga makwarara, da kuma ruwan yoyon kwano. Mutane kan ɗauki ruwan yoyo a matsayin mai tsabta tunda daga sama ya fito, amma ya biyo ta tsatsa da ƙurar shekaru da kashin tsuntsaye ko jemage da ke cikin rufi, shi ya sa yake barin zobe mai ruwan ƙasa. Irin wannan kafet yana wankuwa, amma wanki na gaske a waje tare da kashe ƙwayoyin cuta, ba goga da tsumma ba. Soson da ke ƙarƙashinsa, in akwai, ya tafi ke nan.

Sai ruwa mai ƙazanta: wanda ya taso daga salga ko ramin bayan gida da ya cika, da duk ruwan da ya bi titi ko magudana ya shigo. Har ruwan tsakar gida yana cikin wannan sahu in ana kiwo a gidan, tunda ya wanke turken awaki da akurkin kaji kafin ya iso ƙofar ɗaki. Kada haskensa ya ruɗe ka. Ruwa kan yi garai-garai bayan laka ta kwanta, ƙwayoyin gudawa da kwalara da taifot suna nan. Moket, wato kafet ɗin da aka shimfiɗa bango zuwa bango, idan wannan ruwan ya ratsa shi, hukuncinsa jefarwa ne, ko da jiya aka shimfiɗa shi. Ba rowa ba ce ko almubazzaranci: sabulu da jabel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ba sa isa cikin gamin da ke bayansa, kuma a kansa jariri zai yi rarrafe, a kansa za a ajiye kwanon tuwo. Abin da ake iya ceto daga wannan ruwan shi ne ƙaramin kafet na tsakiyar ɗaki ko darduma, wanda za a iya ɗaga shi, a jiƙa shi ciki da baya, a ɗauraye har ruwan ya fito fari.

Wata magana a gefe, ga masu sallah a kan kafet da masu kula da masallatan unguwa: tsarki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Najasa da ruwa mai tsarki ake gusar da ita, ƙwayar cuta kuwa sai da magani da bushewa. Mai son ya ci gaba da amfani da dardumar sai ya yi duka biyun.

Awa nawa?

Fumfuna kan fara kama jiƙaƙƙen kaya tsakanin awa 24 zuwa 48, kuma zafi da laimar Agusta su ne abin da take so. Lissafin yana farawa ne daga lokacin da ruwan ya taɓa kafet, ba lokacin da ka gani ba. Wanda ya dawo daga Kano ko Yamai ya tarar da ɗaki a jiƙe, sai ya tambayi maƙwabta ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, ya ƙirga daga nan. Ruwan famfo ma da ya kwana biyu cikin kafet ya tashi daga sahun mai tsabta, domin ya jiƙa ƙura da ɓurɓushin abincin da suka daɗe a cikin gashin kafet ɗin.

Ƙasa da kwana biyu, a gwada ceto. Kwana uku zuwa sama a rufaffen ɗaki, moket da wuya ya tsira. Haka nan wurin da na'urar sanyaya ɗaki ta daɗe tana ɗiga, ko gindin bangon da ke tsotsar ruwa duk damina: jiƙewar kaɗan ce amma ta watanni, kuma galibi in an ɗaga za a tarar baƙi ya riga ya kama.

Ɗaga kusurwa ka duba bayansa

Je kusurwar da ta fi jiƙa, ka kama da filaya ka ɗaga a hankali kamar kamu biyu. Kada ka fizga, saboda gamin da ke riƙe zaren yana rauni sosai in ya jiƙa, sai ya bushe ƙarfinsa ke dawowa.

Fara da hanci, kuma ka yi wannan kafin uwargida ta sa turaren wuta. Turare ba ya kashe fumfuna, rufe warinta kawai yake yi, sai ka yanke hukunci a kan ƙamshi. Warin laima zalla ba komai ba ne. Wari mai tsami irin na tufafin da aka manta cikin bokiti, shi ne alamar ta fara.

Sannan ido. Ɗigo-ɗigo baƙi, kore ko fari mai kama da auduga a bayan kafet fumfuna ce. In a gefe ɗaya take, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, ana iya yanke wurin a yar. In ta bazu wurare da dama, an gama.

Sannan hannu. Yawancin kafet masu gashi bayansu hawa biyu ne: wanda aka soka zaren a jiki, da wani kamar raga da aka manna a kansa. Murza gefen tsakanin yatsunka. In hawa biyun suna rabuwa, ko gamin yana zubowa kamar gari, ko ka ja zare ɗaya ya fito babu gardama, to kafet ɗin ya saki. Ko an wanke shi zai yi ta kumbura yana tattarewa, gashinsa na zubewa wajen shara. Wanda bayansa na zaren buhun rama ne yakan tsuke in ya bushe, ya kasa kai bango, ya kuma turo launin ruwan ƙasa zuwa sama. Ga shi gara na son sa. Wanda bayansa soso ne manne, baƙi ko toka, yana riƙe ruwa kwanaki, kuma in ya tsufa marmashewa yake yi. Moket mai araha marar gashi, wanda aka manna wa siminti da gam, sau da yawa wajen ɓamɓarowa ma yake yagewa, kuɗin wankinsa bai cancanta ba.

Soson da ake shimfiɗawa daban a ƙarƙashin kafet kuwa kada ka ɓata lokaci a kansa. Ko ruwan famfo ne, cire shi ka sayi sabo. Shi ne mafi araha a cikin kayan, shi ne kuma ya fi ajiye ruwa.

Gane irin zaren

Wannan ne zai nuna maka maganin da za ka sa. Yanko zare biyu-uku daga gefe. Jefa ɗaya cikin kofin ruwa da ɗigon sabulu, ka danna shi ya jiƙa: in ya taso sama, roba ce irin wadda ake kira folifurofilin, wadda ake yin yawancin kafet masu sauƙin kuɗi da ita. Ba ta shan ruwa sosai, tana saurin bushewa, tana kuma jure jabel da aka sirka. In ya nutse, riƙe wani da filaya ka kusanta shi da wutar ashana a waje. Wanda ya narke ya dunƙule ya yi tauri, nailan ne ko foliyesta. Waɗannan jabel kan kashe musu launi. Wanda ya yi warin ƙonannen gashi, tokarsa ta murƙushe a yatsa, ulu ne. Ulu jabel cinye shi take yi, garin omo da kanwa suna busar da shi su sa launinsa ya zuba, ruwan zafi kuma ya tsuke shi.

In ka yanke shawarar wankewa

Fara da fitar da ruwan. Mutane ba sa ƙiyasta yawansa: ɗaki mai mita 4 a kan 4, in ruwa ya kwanta santimita ɗaya kacal, lita 160 ke nan, wato bokiti takwas na lita 20. Ja shi zuwa ƙofa da abin jan ruwa mai bakin roba, ka riƙa bin inda gashin ya kwanta. In ana samun injin zuƙar ruwa, shi ya fi. Injin shara na gida wanda aka yi don ƙura kada a kusanto da shi, zai ƙone ko ya ja mutum. Babu inji, a shimfiɗa tsofaffin zannuwa da tawul, a tattaka, a matse, a maimaita.

Naɗe shi za ka yi, gashi a ciki, ba ninkewa ba, domin ninki na karya bayansa ya bar layin da ba ya gogewa. Jiƙaƙƙen kafet na da nauyin gaske, a nemi mutum uku ko huɗu su ɗauka, kada a ja shi a ƙasa.

Wurin wanki ya zama siminti mai ɗan gangara, ba rairayi ba. Fara da ɗauraya da ruwa zalla ta baya da ta gaba har laka ta daina fita. In ka sa sabulu a kan laka, cusa ta kake yi ciki. Sai ka kaɗa omo cokali biyu na cin abinci cikin ruwa lita 10, ya narke tukuna. Kada a barbaɗa garin a kan kafet kai tsaye. Ga ulu, sabulun ruwa mai laushi ko na wanke gashi, cokali ɗaya, da ruwan sanyi. Goga da buroshi mai laushi bin kwanciyar gashi, mita ɗaya-ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan sabulu: kumfa ta yi yawa, ɗauraya ta gaza, ragowar sabulun ya bushe yana danƙo, kafin hunturu ya yi nisa kafet ya fi da datti. Ɗauraya har sai ka danna da abin jan ruwa ka ga babu kumfa.

Wajen kashe ƙwayoyin cuta, duba jikin kwalbar jabel. In an rubuta kashi 2.6 cikin ɗari, lita ɗaya ake sirkawa da ruwa jarka guda ta lita 25. In mai kashi 5 ce, rabin lita ya isa. Gwada a ɓoyayyen gefe ka jira minti goma. Launi bai canza ba, zuba a jiƙa kafet ɗin gaba da baya, a bar shi minti goma, a ɗauraye sosai. Wannan na kafet ɗin roba ne mai tasowa a ruwa. Ga nailan da ulu, a nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta marar jabel a kantin magani, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Ulu yana son ɗauraya ta ƙarshe da farin binigar kamar rabin kofi a ruwa lita 10, don ya riƙe launinsa. Amma jabel da binigar ba sa haɗuwa, haka jabel da ruwan wanke masai mai asid: iskar da suke fitarwa tana ƙona huhu.

Masu wankin mota da yawa suna karɓar kafet, kuma injinsu na fitar da laka fiye da hannu. Ka tsaya a wurin in za ka iya. Ka ce su ja bakin injin baya kamar kamu biyu, kada su matsa wa gefuna, kada su sa jabel sai ka yarda, kuma kada su naɗe maka shi da sauran laima don kawai ka zo karɓa.

Bushewa, inda aikin yakan lalace

Kada a shanya kafet a kwance a ƙasa. Iska ta ratsa ta ƙarƙashinsa ita ce magana: a ɗora shi a kan katanga mai tsabta, ko a jera benci da sanduna. Igiya ɗaya siririya takan bar masa layi, a yi biyu ko uku a jere. Bayansa ne zai kalli rana da farko, don nan ruwan yake, kuma rana mai zafi tana koɗe launin fuska. A juya shi duk bayan awa uku ko huɗu. Kafin magariba a shigar da shi ƙarƙashin rumfa saboda raɓa, a kuma sa yaro ya riƙa duba gabas. Hadari ɗaya zai mayar da aikin kwana biyu baya. Siririn kafet na roba yakan bushe cikin yini ɗaya ko biyu na rana mai kyau, mai kauri ko na ulu ya kai kwana uku zuwa huɗu.

Moket ɗin da ruwa mai tsabta ya taɓa gefensa kawai, ba sai an fitar da shi duka ba. A ɗaga ɓangaren, a tokare da kujerun roba, a cire soson wurin, a kunna fanka tana hura ƙarƙashi dare da rana, taga a buɗe in ba ruwa ake ba. Mai fankar caji ko ta sola ya ajiye ta don lokacin da aka ɗauke wuta. Abin da ba a yi shi ne hura gawayi a rufe ɗaki don ya busar da shi. Iskar gawayi ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci.

Don tabbatar da ya bushe, ɗora farar takarda a bayansa a wurin da ya fi kauri, ka durƙusa a kai na minti ɗaya. In ta yi laushi, da saura. In ta fito garau, naɗe kafet ɗin ka rufe shi da leda ya kwana, da safe ka buɗe ka sansana. Warin tsami ya dawo bayan wanki mai kyau, a sake wanki sau ɗaya. Ya sake dawowa, a haƙura da shi. Gidan da ke da mai asma, jariri ko tsoho mai ciwon ƙirji ma bai kamata ya jira zagaye na biyu ba.

Daɓen ɗakin

Busasshen kafet a kan jiƙaƙƙen siminti, aikin banza ne. Kankare ragowar gam da soso, wanke daɓen da omo, ɗauraye, sannan ka zuba ruwan jabel irin wancan haɗin, har da gindin bango zuwa inda ruwa ya tsaya. Siminti yakan yi fari a sama alhali cikinsa da ruwa. Yanki leda mai kauri kamar rabin mita a kan rabin mita, manna gefunanta huɗu da salatif a kan daɓen, bar ta ta kwana. In ka ga gumi a ƙarƙashinta ko wurin ya fi kewayensa duhu, ƙara kwana biyu da fanka ka sake gwadawa. Ɗakin karo, wato mai daɓen tayil, ya fi sauƙi, sai dai a kula da layukan da ke tsakani. Ɗakin ƙasa kuwa, irin na tsofaffin unguwanni kamar Bagalam da 'Yandaka, bangon kan daɗe yana sakin laima; tabarmar roba ta wadatar har damina ta wuce, kuma duk bangon da ya tsage ko gindinsa ya zaizaye, magini ya gan shi kafin a koma kwana a ciki.

Lissafin aljihu

In kafet ya tsallake duk waɗannan gwaje-gwajen, sai a zo kan kuɗi. Haɗa kuɗin wanki, na ɗan sahu ko amalanke zuwa da dawowa, sabon soso, gam da ladan mai shimfiɗawa. Je Babbar Kasuwa ka tambayi farashin mita na irinsa, ka ninka da girman ɗakin. In kuɗin ceto ya haura rabin na sabo, kafet ɗin kuma ya riga ya sha jiki, hanyar ƙofa ta kwanta ta yi sulɓi, sabo ya fi. Kafet mai nauyi na ulu, ko na kayan ɗakin amarya da mai shi ke ji da shi, wannan ya cancanci wahala muddin ba ruwan salga ne ya kwana a cikinsa ba. Akwai kuma hanya ta tsakiya: in gefe ɗaya ne ya lalace da ruwa mai tsabta, a yanke shi, a kai sauran wurin mai ɗinkin kujeru ya kama bakin, ya koma kafet ɗin tsakiyar ɗaki.

Wanda za a jefar, a sa takunkumi, a yanka shi ta baya da wuƙa mai kaifi, faɗin mita ɗaya-ɗaya, a naɗe a ɗaure a sa cikin buhu. Kada a tura shi magudanar ruwa, don shi zai toshe ta ruwan ya dawo gida. Kada a ƙona shi a unguwa, hayaƙin roba guba ne. Kada kuma a ba almajirai ko mai gadi da sunan sadaka. Abin da ka ƙi wa 'ya'yanka su kwanta a kai bai dace da ɗan wani ba.

Sabon kuma kada a yi gaggawar shimfiɗa shi. A bari sai Oktoba, iska ta bushe, gwajin leda ya fito babu gumi. Kafin nan a toshe inda ruwan ya shigo: a ƙara wa dokin ƙofa layin bulo ɗaya, a canza ƙusoshin kwanon da suka saki, a yashe makwararar tsakar gida. In ɗakin a kwari yake kuma ruwa ya saba shiga, a bar moket mai gam gaba ɗaya, a sayi kafet biyu ko uku matsakaita marasa soso a baya, waɗanda mutum biyu za su iya naɗewa su ɗora kan gado cikin minti biyar da zarar tsakar gida ta fara cika.